Tarihin kayak, jirgin da ake ɗinka wa mutum kamar riga

1/ ZARE 🧵
Tun da Trump ya taso da zancen mallakar Girinland kowa ya haddace sunan tsibirin. To mutanen can, da 'yan uwansu na arewacin Kanada da Alaska, su ne suka ba duniya siririn jirgin ruwan nan da ake tsere da shi a Olamfik, wato kayak. Ku gyara zama.

2/ Yau akwai masu haɗa shi a gida da hannunsu, da katako da igiya da yadi. Duk wanda zai fara, tambayarsa ta farko ita ce: wane iri zan yi, kuma yaya tsawonsa? Tambayar nan tsohuwa ce ƙwarai, kuma amsarta tana cikin tarihin jirgin. Bari mu bi shi daga tushe.

3/ Sunan daga harshen Inuit ya fito, su "qajaq" suke cewa. Jirgin maharbi ne, na mutum ɗaya, a rufe yake ruf sai ramin da mai shi zai zura ƙafafu ya zauna. Suna da wani babba buɗaɗɗe, umiaq, na ɗaukar iyali da kaya. Shi kayak aikinsa guda ne, nemo abinci.

4/ Nan gida muna da kwale-kwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8000. Gungumen itace guda aka fafe. Haka ake yi inda akwai manyan itatuwa. To a gaɓar tekun ƙanƙara babu daji, babu gungumen da za a fafe. Dole aka nemi wata dabara.

5/ Itacen da suke samu, teku ce ke kawo musu. Kogunan Siberiya su tumɓuke itatuwa su zuba a teku, ƙanƙara ta riƙe su tana tafiya da su shekara da shekaru, har su faɗo gaɓar Girinland. Mutum yakan daɗe yana tsintar guntaye kafin ya tara na jirgi ɗaya.

6/ Tunda itace ya yi tsada haka, sai suka ƙi ɓarnar da shi. Suka tsaga shi siri-siri, suka ɗaure shi ya zama ƙwarangwal kamar kwando. An ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Su kuwa sai suka lulluɓe kwandon da fata, suka hau shi suka shiga teku.

7/ Tun yaushe? A Qeqertasussuk, wani tsibiri a yammacin Girinland, masu tonon tarihi sun samu guntayen haƙarƙarin irin wannan jirgi a daskararriyar ƙasa, masu kusan shekara 4000. Guntaye fa kawai. Fata ruɓewa take yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

8/ Yanzu ga yadda ake haɗa shi. Ba su da tef na awo, jikin mai jirgin shi ne ma'auni. Abin da aka fi ruwaitowa: tsawo gaba uku na mai shi, wato ya ware hannuwansa sau uku. Faɗi, ƙugunsa a ƙara dunƙulen hannu biyu. Zurfi, dunƙule da babban yatsa a miƙe.

9/ In ka lissafa, za ka samu jirgi mai tsawon mita biyar ko sama kaɗan, faɗinsa kuwa wajen rabin mita. Kun ga ke nan kayak ɗin ɗan'uwanka ba lallai ya yi maka ba. Kamar kaftani ne, tela kai yake aunawa. Shi ya sa aka fi cewa sa shi ake yi, kamar wando.

10/ Ana farawa da dogayen katako biyu na gefe, su ne ƙarfin jirgin gaba ɗaya. A haɗe bakunansu gaba da baya, a buɗa tsakiya, a sa sandunan gicciye su riƙe. Akwai wata lanƙwasasshiyar sanda da cinyoyin matuƙi ke tokara, sunanta masik. Da ita yake juya jirgin.

11/ Sai a kifa shi a dasa haƙarƙari. A jiƙa siraran itatuwa su yi laushi, a lanƙwasa, a cusa bakinsu cikin ramukan da aka huda a katakon gefe. Tsofaffin magina har da haƙora suke cizon itacen daidai inda suke so ya tanƙwaru ba tare da ya karye ba.

12/ A bisa haƙarƙarin sai a shimfiɗa doguwar sanda a tsakiya kamar ƙashin baya, da wasu a gefe da gefe. Babu ƙusar ƙarfe. Turakun itace ne da ɗauri, da jijiya ko tsirkiyar fata. Amfanin ɗauri shi ne in igiyar ruwa ta bugi jirgin sai ya ɗan lanƙwashe ya dawo.

13/ Daga nan aiki ya koma hannun mata. Fatar sil ake sawa, wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu, wadda ita ce namansu, kitsenta man fitilarsu, fatarta suturarsu. Mata su kankare gashin, su haɗa fatu da yawa, su ja su a kan ƙwarangwal tun suna jiƙe.

14/ Ɗinkin nan shi ne rai. Layi biyu ake yi, kuma allura ba ta huda fatar ta fita ɗaya gefen, rabin kaurinta take shiga ta fito. Zaren jijiya ne, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe hudar. Fata ta bushe ta ɗame kamar ta ganga, a bi ta da kitse.

15/ Ku duba nauyin da ke kan matan nan. Ɗinki ɗaya ya saki a tsakiyar teku, miji ko ɗa ba zai dawo ba. Kuma fatar ba ta daɗewa, shekara ɗaya ko biyu sai an sake. Wato kullum sai an maimaita aikin, yara na kallo. Makarantar ke nan, babu wata.

16/ Zaɓin iri kuma ruwa da abin farauta ne ke yanke shi. A Girinland sil ake laɓaɓawa, sai aka yi jirgi siriri, mai ƙasa-ƙasa, wanda iska ba ta kamawa. A Baffin da Labrador nasu faffaɗa ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya fi ɗaukar kaya, ya fi wuyar kifewa.

17/ Inuit na cikin ƙasa a Kanada, masu tare barewar karibu in tana ƙetare kogi, nasu dogo ne siriri don gudu. Na mashigin Bering mai zurfi ne, bayansa a tashe kamar jinka don ruwa ya zube. Kowane wuri da nasa. Babu wani kayak guda da ya fi kowa.

18/ A kan jirgin maharbi akwai mashi mai igiya, irin zagon masuntanmu, da sandar wurga shi. Ƙarshen igiyar a ɗaure yake da avataq, fatar sil da aka hura kamar salka. In an soki dabba ta nutse, salkar nan ce za ta gajiyar da ita, ta kuma nuna inda take.

19/ To in jirgi ya kife fa? Ruwan can sanyinsa na kashe mutum cikin ɗan lokaci, kuma da yawan maharban ba su iya iyo ba. Hausawa suka ce iya ruwa fidda kai. Su fidda kansu shi ne su juyo da jirgin daga ƙarƙashin ruwa ba tare da sun fita daga ciki ba.

20/ Suna sa tuilik, rigar fata mai hula da ake ɗaurewa a fuska, da wuyan hannu, da bakin ramin zama. Mutum da jirgi sun zama abu ɗaya, ruwa ba ya shiga. Wani ɗan mishan, David Crantz, ya lissafa hanyoyi goma na juyowa a littafinsa na tarihin Girinland na 1765.

21/ Nan ne hikimar awon jiki take. In jirgi ya yi maka yawa, cinyarka ba za ta kama masik ba, in ka kife ba za ka iya juyo da shi ba. In ya matse ka, ƙafa ta sage. Awon nan da ake yi da dunƙule da yatsa, maganar rai da mutuwa ce.

22/ Yadda Turawa suka fara ganinsa ba labari ne mai daɗi ba. A 1577 Martin Frobisher ya kamo mutum uku daga Baffin ya kai Ingila. Namijin, Kalicho, ya tuƙa kayak a kogin Avon a Bristol, yana harbin agwagi jama'a na kallo. Bai yi wata biyu a can ba ya rasu.

23/ Raunin da aka ji masa a haƙarƙari wajen kamu ne ya yi ajalinsa. Irin wannan kamu ya ci gaba. Har yau akwai kayak a Trinity House da ke Hull wanda aka ɗauko a 1613. Wasu daga cikin tsofaffin kayak da suka rage a duniya ta irin wannan hanya suka isa Turai.

24/ A tsibiran Aleut na Alaska abin ya fi muni. Mutanen Unangan suna da nasu, iqyax, wanda Rashawa suka kira baidarka. Bakinsa na gaba a rabe yake biyu kamar buɗaɗɗen baki, wasu har da 'yan ƙasusuwa a mahaɗar katako don kada su cinye juna. Gudu gare shi.

25/ Bayan tafiyar Bering ta 1741, Rashawa suka gano karen ruwa na teku, mai gashin da ake saye da tsada a Sin. Su ba su iya farautarsa ba. Sai suka riƙa garkuwa da mata da yara, su tilasta wa maza shiga baidarka su kawo fatu. Gwanintarsu ta zame musu sarƙa.

26/ A zamanin nan ne baidarka mai ramin zama uku ta yaɗu: matuƙa biyu, a tsakiya a ɗauki ɗan kasuwa ko limamin coci. Aka kafa kamfanin Rasha da Amurka a 1799, aka kai maharban har Kalifoniya, inda aka gina Fort Ross a 1812. Dabbar ta kusa ƙarewa, mutanen ma haka.

27/ Yanzu ga abin da na ce ku riƙe. A can ƙarshen arewacin Girinland akwai mutanen Inughuit. Da Baturen Birtaniya John Ross ya iske su a 1818, ba su da kayak ko ɗaya. Mutanen bakin teku, dabba na iyo a gabansu da bazara, ba abin da za su bi ta da shi.

28/ Labarin baka ya ce annoba ce ta kwashe manyansu, masu sanin suka tafi da saninsu. Ga ƙarancin itace. Tunda jirgin fata ne da ɗauri, babu wani da zai jira shekara hamsin a jingine har jikoki su kwaikwaya. Tsara ɗaya ta tsallake, shi ke nan.

29/ Sai wajen farkon shekarun 1860 wani boka daga Baffin, Qillarsuaq, ya jagoranci 'yan mutanensa suka yi tafiyar shekaru a kan ƙanƙara har suka iso. Su suka sake koya wa Inughuit haɗa kayak, da baka da kibiya, da mashin kifi. Abincin bazara ya dawo.

30/ A ɓangaren Turawa kuma, daga kallo aka koma koyo. Fridtjof Nansen na Norwe ya ƙetare Girinland a 1888, ya yi hunturu a Nuuk, ya koyi tuƙi wajen mutanen gari. A 1895 da ya bar jirginsa Fram ya nufi ƙuryar arewa, kayak biyu ya ɗora a kan keken ƙanƙara.

31/ Da gora da yadin jirgin ruwa aka haɗa su, bisa tsarin Inuit. A Yunin 1896 igiya ta kwance suka bi ruwa da duk guzurinsu, Nansen ya faɗa ruwan ƙanƙara ya kamo su. Walrus, ƙatuwar dabba mai haure, ta farke nasa, aka ɗinke. Shi da Johansen suka tsira.

32/ A Jamus, wani ɗalibi Alfred Heurich ya haɗa kayak mai naɗewa a 1905, sai wani tela a Rosenheim, Johann Klepper, ya fara yin sa na sayarwa a 1907. Ƙwarangwal na katako da rigar yadi mai roba, ka warware ka zuba a jaka ka hau jirgin ƙasa. Tela dai, kun gani.

33/ Da irin wannan Klepper ɗin likita Hannes Lindemann ya ƙetare Atlantika shi kaɗai a 1956, kwana 72 daga tsibiran Kanari. Shekara guda kafin nan ya riga ya ƙetare da kwale-kwalen gungume da ya samo a Laberiya. Mutum ɗaya ya gwada dabarun biyu, duka suka kai shi.

34/ Amma ruwan bai san gwani ba. Gino Watkins, matashin Ingila da ya ƙware a tuƙi da juyowa wajen mutanen gabashin Girinland, ya fita farautar sil shi kaɗai a Agustan 1932. An samu jirginsa a kife yana yawo. Shi ba a gan shi ba har yau. Shekararsa 25.

35/ A 1959 wani ɗalibi daga Sikotland, Ken Taylor, ya je ƙauyen Illorsuit, inda Emanuel Korneliussen ya auna shi ya haɗa masa kayak. Aka kai jirgin Birtaniya, Duncan Winning ya zana shi a takarda. Daga zanen aka fitar da Anas Acuta na faiba a 1972.

36/ Kamfanin Valley ne ya yi shi, kuma daga nan zuriyar kayak ɗin teku na Birtaniya ta yaɗu. Wato dubban mutane sun tuƙa siffar jirgin da wani maharbin ƙauye ya auna wa mutum ɗaya. Sunan jirgin ya zagaya duniya. Sunan maginin kuwa sai masu bincike.

37/ Ana haka, a Girinland kanta kayak na mutuwa. Ruwa ya ɗan ɗumama tun shekarun 1920, kifi ya yawaita, mutane suka koma su. Jirgi mai inji ya shigo. Gwamnatin Denmak ta riƙa tattara mutanen ƙauyuka zuwa garuruwa. Yaro ya tashi a bene, ina zai ga ana ɗinkin fata?

38/ Sai a 1983 aka aro tsofaffin kayak uku daga Holan aka baje su a gidan tarihi na Nuuk. Samari suka je suka ga aikin kakanninsu, abin ya taɓa su. Suka kafa ƙungiya, wadda ta zama Qaannat Kattuffiat a tsakiyar shekarun 1980, don a dawo da jirgin kan ruwa.

39/ Jiragen gidan tarihi sun tayar da sha'awa, amma ba sa magana. Sa'ar da aka yi, akwai sauran tsofaffi da rai, irin su Manasse Mathaeussen, gwanin juyowa. Samarin suka zauna gabansu. Da tsohuwar zuma ake magani. Da an ƙara shekara ashirin, da labarin Inughuit ya maimaitu.

40/ Yanzu duk shekara ana gasar ƙasa: tsere, jifan mashi, wasan igiya, da salon juyowa 35, har da na hannu riƙe da dutse. Maligiaq Padilla na Sisimiut, wanda ya koya wajen kakansa, ya lashe ta a 1998 yana ɗan shekara 16. A 2000 aka buɗe ta ga baƙi.

41/ Su kuma Inughuit da suka taɓa rasa shi, yau suna cikin masu riƙe da shi da gaske. A yankin Qaanaaq har yanzu da kayak da mashi ake farautar narwal, ƙatuwar dabbar tekun nan mai dogon haure guda, don dokarsu ta hana bin sa da inji a mashigin ruwansu.

42/ To mai haɗawa a gida yau, me ya canja? Kayan aiki. Katako mara nauyi mai miƙaƙƙiyar tsaga don gefe, ɗanyen itacen oak don haƙarƙari, a turara shi a akwatin tururi maimakon cizo. Zaren nailan mai kakin zuma a madadin jijiya. Tsarin kuwa yana nan yadda yake.

43/ Maimakon fata, yadin nailan mai kauri ko foliyesta, a ja shi a ɗinke ta sama, a shafe da fenti ko banish mai hana ruwa. George Dyson ma da bututun alminiyom ya riƙa yin baidarka, ya fitar da littafi a kanta a 1986. Jirgin kan fito wajen kilo 12 zuwa 15.

44/ Wajen zaɓi, tambayoyin tsofaffin nan uku ne har gobe. Jikinka: na Girinland ƙasa-ƙasa ne, mai manyan cinyoyi zai sha wuya sai an ɗaga masik. Ruwanka: tafki ne shiru ko teku mai igiya? Aikinka: juyowa kake son koya, ko kaya za ka ɗauka na kwanaki?

45/ Sabon shiga da ya kwafi awon jirgin gidan tarihi sak, ya manta an yi shi ne don wani maharbi da ya fara tuƙi tun yana yaro. Ƙara faɗi kaɗan ba abin kunya ba ne. Kafin a sa yadi, a naɗe ƙwarangwal da leda a gwada shi a ruwa mara zurfi. Gyara a nan ya fi sauƙi.

46/ Abu ɗaya kada a yi wasa da shi: jirgin nan ba shi da ɗakunan iska a ciki kamar na roba. In ruwa ya shiga, ko'ina zai cika. Sai an cusa jakunkunan iska gaba da baya, a sa rigar ceto, kuma kada a fita ruwa mai zurfi ba abokin tafiya. Ku tuna Watkins.

47/ Sau biyu ke nan jirgin nan na kusa ɓacewa a Girinland, sau biyu kuma mutum mai rai ne ya dawo da shi, ya kama hannun wani ya nuna masa inda ake ɗaurewa. Littafi da zane sun taimaka, amma sai da aka samu wanda ya taɓa yi.

48/ In akwai tsohon masassaƙin jirgi, ko majemi, ko baduku a garinku da ba wanda ke zama gabansa, lissafin ɗaya ne da na Inughuit. Ku je tun yana iya riƙe gizago.

Mu kwana nan. Wanda ya ƙaru ya tura wa wani. 🙏🏾